Baƙo da Mai Masauki

Sha ɗayan dare a Valparaíso.
Ofishin ƙungiyar masunta na warin gishiri da man jirgi.
Eliana Oyarzún ta tuɓe takalmi,
ta ɗora ƙafa kan kwalin rasit na shekara tara.

A cikin kwamfutarta akwai wata kwamfutar,
tsohuwa, ba jiki, ba waya,
ta haddace bashin kowane mai kwale-kwale a gaɓar nan.
Masu sana'ar baƙo suke ce mata,
babbar kuwa mai masauki.
Allo na tambaya: ta wace ƙofa baƙon zai leƙa duniya?

Ga NAT.
Baƙo ya fita da sunan mai gida,
amsa ta dawo masa ta hannun mai gida,
wanda kuwa ya zo nemansa daga waje
bango zai tarar, ba lamba, ba ƙararrawa.
Lafiya lau ke nan.
Sai dai tsoho Baltasar, mai awon kifi da asuba,
ba zai ga lissafinsa daga bakin ruwa ba.

Ga gada.
A yanka wa baƙo adireshin kansa,
ya shiga sahu da firinta da kyamarar bakin ƙofa,
kowa ya kira ya amsa.
Kowa fa.
Gada ba ta tambayar mai tsallaka ɗan gidan wa ne,
ga shi rabon tsohon nan da faci
tun ɗan autanta na rarrafe.
Garin neman gira, in ji ta, a rasa ido.

Akwai wadda ko ƙofa ba ta kai ba:
baƙo da mai masauki kaɗai, ƙus-ƙus a ɗaki ɗaya.
Ɓarawo ba ya shiga, labari ma haka.
Akwai ta baƙi zalla,
a ja musu ƙyaure su sha hirarsu,
mai gidan da kansa ba ya jin me ake cewa.

Hannunta na kan linzami. Ba ta danna ba.

Mahaifinta ne ya faɗo mata.
Wata huɗu ke nan da tasowarsa daga Chiloé
da akwati ɗaya da hular ulu saƙar marigayiya.
Ɗakin baya ta ba shi, mai kallon teku.
Takardar fansho ta hannunta take zuwa.
Likita ita yake kira.
Abokansa na tsibiri sun nemi lambarsa,
ta ce su biyo ta kanta,
tun ranar da wani mai zaƙin murya a waya
ya yashe masa kuɗin wata biyu.
Ba wanda ya sake cutarsa.
Ba wanda ya sake kiransa.
Jiya ta same shi a taga yana ƙirga jiragen dakon kaya,
ya kai sha bakwai, ya koma farko.

A waje kare ya yi haushi, wani ya amsa daga wani tudun.
Shayinta ya huce.

NAT ta zaɓa.
Sannan ta huda kafa guda a bangon,
lamba ɗaya, ga mutum ɗaya, Baltasar da sikelinsa.
Ta san kafa kafa ce,
inda iska ta bi, ƙwaro ma ya san hanya.
Ta rubuta a littafin ofis ranar da ta huda ta,
don kada wani ya manta, ko ita.

Keken hawa tudu ya daɗe da tashi aiki,
sai matakala, ɗari da wani abu, ba ta taɓa gama ƙirgawa ba.
A tsakiya ta tsaya tana haki,
ta lalubo biro, ta juya bayan wani rasit,
ta kwafe lambar Remigio, wanda suka yi shekara talatin a jirgi ɗaya.

Fitilar ɗakin baya na kunne.
Ta ajiye takardar kusa da kofinsa,
ta danne ta da cokali,
ba ta yanke ba tukuna
ko da safe za ta ɗauke.